Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Mu Ke Kawo Tumatir, Mu Ke Sayen Ƙwaya

Jama'a, duk wanda ya taɓa yin sammako ya tsaya a bakin titi a Ojoo, daidai inda hanyar Oyo ta shigo Ibadan, zai ga manyan motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, shaƙe da kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attaruhu da albasa. Wasu daga Kadawa da Kura ta ƙasar Kano suka taso, wasu daga Ɗanja ta Katsina, albasa kuwa daga Aliero da ƙasar Sakkwato. Direba namu ne, yaron mota namu ne, dillali namu ne, ɗan dakon da zai sauke kayan a Shasha ko Bodija shi ma namu ne. Mutane da yawa ba su san girman wannan aiki ba sai a 2021, lokacin da 'yan kasuwar Arewa suka dakatar da kawo kaya Kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha, nan da nan tumatir ya gagari talaka.

To, amma a tambayi wannan ɗan dako abin da ya ci tun safe. Shayi da burodi da asuba, garin rogo ko taliya da rana, da dare kuma tuwo da miyar busasshiyar kuka ko kuɓewa. Sai ya yi wata guda bai sa ɗanyen abu a bakinsa ba. In kasala ta dame shi, sai ya nufi kemis ya ce a ba shi ƙwayar bitamin C ko kwalbar maganin ƙarin jini. Watau ya wuni ɗauke da maganin a kansa, ya sauke wa wani, sa'an nan ya ciro kuɗin guminsa ya sayi na roba. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa, kuma a ganina lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya.

Shi dai bitamin C, jikin ɗan Adam ba ya iya yin sa da kansa, kuma ba ya ajiye shi da yawa, saboda haka tilas a riƙa samun sa daga abinci a kai a kai. Da shi ne jiki ke haɗa abin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini. In mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku ba ya samun sa, sai kasala ta kama shi, gaɓoɓi su riƙa ciwo, dasashi ya kumbura yana jini, rauni kuwa ya ƙi warkewa da wuri. Ba kowane jinin dasashi ba ne daga nan yake, sau da yawa dattin haƙori ne, amma wanda asuwaki ke fito masa da jini kullum, ya kamata ya dubi abincinsa kuma ya ga likita.

Wannan ciwo ya hallaka dubban matuƙan jiragen ruwa na Turawa a zamanin da, domin su ma busasshen abinci suke ci wata da watanni a kan teku. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila mai suna James Lind ya ware marasa lafiya 12, ya kasa su biyu-biyu, kowane kashi da irin maganin da aka ba shi. Waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka murmure cikin mako guda. Wani abin da ya kamata masu sayar da kayan miya su riƙe kuma shi ne, masanin ƙasar Hangare Albert Szent-Gyorgyi, wanda ya sami lambar Nobel a 1937, daga jan tattasan ƙasarsu ya tace bitamin C mai yawa don bincikensa.

Abin da babban mutum yake bukata a yini bai taka kara ya karya ba. Masana a Amurka sun ƙayyade miligiram 90 ga namiji, 75 ga mace, mai shan taba kuwa ya ƙara 35 a kai. A cikin giram 100 na gwaiba akwai fiye da miligiram 200, ɗanyen jan tattasai fiye da 120, gwanda wajen 60, lemon zaƙi wajen 50, tumatir kuwa wajen 14. Ke nan gwaiba ɗaya ta ishi ƙato har da saura, lemo biyu ma haka. Ga yazawa da mangwaro da abarba, ga agwaluma da ke cika kasuwannin Ibadan da rani, ga kuma garin 'ya'yan kuka da muka baro a gida muna raina shi.

Akwai kuma wata kalma da masu tallar magani suka riƙe a bakinsu, watau antioksidan. Ma'anarta ba wuya. In ka yanka yalo ko dankali ka bar shi a iska, zai yi duhu, amma in ka matsa masa lemon tsami sai ya daɗe da haskensa. Irin wannan lalacewa tana faruwa a cikin jiki a hankali, kuma hayaƙin taba da na manyan motoci irin wanda muke shaƙa a tasha suna ƙara ta. Sinadaran da ke rage wannan ɓarna su ake kira antioksidan, kuma bitamin C ɗaya ne daga cikinsu. Wasu suna cikin jan tumatir, wasu cikin manja da karas, wasu cikin zoɓo da ganyaye. An daɗe da lura cewa masu yawan cin kayan lambu da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kamar sauran mutane ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 a yini.

Mai karatu zai ce, to in haka ne, ai ƙwaya ta fi sauƙi. A nan ne muka rabu. A 1970 wani shahararren masani ɗan Amurka, Linus Pauling, ya yaɗa cewa yawan shan bitamin C yana hana mura, duniya ta ɗauka. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa ga yawancin mutane ba ya hana kamuwa da ita, iyaka mai shan sa kullum murarsa takan ɗan rage daɗewa. Mafi ban tsoro, a 1994 aka bayyana sakamakon wani gwaji a ƙasar Finlan kan maza masu shan taba wajen 29,000, inda aka tarar waɗanda aka ba ƙwayar sinadarin nan na karas sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. Abin da ke da amfani a cikin abinci ba lalle ne ya yi amfani ba in an tsame shi an dunƙule. Bitamin C kansa in ya wuce miligiram 2,000 a yini yakan kawo gudawa, ga wasu ma har tsakuwar ƙoda. Ban ce a ƙi abin da likita ya rubuta ba. Mai ciki da aka ba maganin ƙarin jini a asibiti, ta sha shi yadda aka ce. Da masu buɗe akwatin mota da lasifika a tasha nake.

Gyaran kuwa a hannunmu yake, musamman iyayenmu mata. Zafi da daɗewa a wuta suna kashe bitamin C, shanya a rana tana kashe mafi yawansa, kanwa ma haka. Saboda haka a rage kanwa a miyar ganye, a sa alayyafo ko zogale daga ƙarshe, kada a dafa su har su yi baƙi. Miyar tumatir da aka soya da mai tana da nata amfanin, domin jan sinadarinta ya fi shiga jiki bayan dahuwa, amma ba ta ɗauke bukatar ɗanyen abu ba. A yanka tumatir da tattasai a kan shinkafa da wake, a matsa lemon tsami a kwaɗo, kuma kada a ture tumatir da kabejin da mai tsire ya zuba. Wannan yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake yin jini, alhali shayi a kan abinci hana shi yake yi. A jinkirta shayin kamar awa guda. Sai dai a wanke komi sosai da ruwa mai tsabta saboda kwalara da taifot, kuma ruɓaɓɓen tumatir da ake tarawa a ƙasan kwando a sayar da arha, wannan ba abinci ba ne.

Na san za a ce kuɗi. Haƙiƙa rayuwa ta yi tsada, kuma ɗan ci-rani kowane kwabo yana lissafin na gida ne. Amma wanda ke sayen goro da taba da lemon kwalba kullum ba zai ce lemo biyu sun gagare shi ba. Babbar matsalarmu ita ce ganin da muke yi wa kayan marmari, wai abincin yara ne da majinyata, ba mu tuna da su sai an kwantar da ɗan'uwa a asibiti ko azumi ya kama. Me zai hana abin da muke yi a buɗa-baki mu riƙa yin sa duk shekara?

Ina kira ga sarakunan Hausawa na Sabo da Ojoo da Shasha, da limamanmu da shugabannin 'yan gwari, su sa wannan magana cikin nasihar da suke yi wa jama'a. A nan Ibadan cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, take tun 1975, ba laifi a gayyato ma'aikatanta su yi wa mutanenmu bayani. Iyayen gida kuma, kowa ya ware wa yaransa 'yan tumatir da tattasai masu kyau daga abin da suka sauke. Lafiya muka kawo Kurmi muke neman abinci da ita, in ta tafi kuwa babu abin da za a aika gida.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.