Garatuti Sau Ɗaya Yake Zuwa

'Yan uwa malamai, garatuti gumin shekarun alli da allo ne, kada mu bari ƙyalƙyalin kanti ya zaɓa mana kwamfuta. Buƙatunmu bayan ritaya sanannu ne: rubuta takarda, duba sakamakon JAMB na yara, ganawa da jikoki ta bidiyo. Daga Kazaure da Babura har Roni da Gwiwa, inda wuta ke zuwa jefi-jefi, laftof mai ƙarfin batir ta fi ta kan tebur amfani. In ta hannu za mu saya a Kano, mu tabbatar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Ragowar kuɗin na magani ne da karatun yara.