Motocin lantarki biyu a gida ɗaya: wa zai fara shan wuta?

A ƙasar Norway, kusan kashi 89 cikin 100 na sabbin motocin da aka sayar a 2024 masu aiki da lantarki zalla ne, a 2025 kuma adadin ya haura kashi 95. A Faransa ya kai kusan kashi 17 a 2024. Bayan waɗannan alƙaluma akwai wata matsala da ta fara kunno kai a cikin gidaje. Iyalin da suka sayi motar lantarki ta farko shekarun baya, yanzu sun canza ta biyu. Maigida da uwargida su dawo daga aiki da yamma, kowa na son tasa ta kwana a cike, alhali wayar da ta shigo da wuta gidan ɗaya ce, kontar ma ɗaya.

Ga mazaunin Maraɗi ko Damagaram da ke kwana cikin zafi saboda an ɗauke wuta, wannan na iya zama kamar kukan daɗi. Amma yawancin motocin da ke yawo a titunan Nijar tsoffin motocin Turai ne da suka biyo ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Abin da Turawa ke saye sabo a yau, shi dillalai za su kawo nan da ƴan shekaru.

Inda lissafin ya tsaya

Abu biyu ake yawan cakuɗawa: kilowat da kilowat-awa. Kilowat kamar faɗin bakin famfo ne, shi ke nuna ƙarfin wutar da ke wucewa a lokaci guda. Kilowat-awa kuwa kamar yawan ruwan da ya taru a randa ne, shi ake biya a faktir, kuma da shi ake auna girman batir.

Matsakaiciyar motar lantarki, irin Renault Zoe, na ɗauke da batir mai kilowat-awa 52. In aka jona ta a kafar wutar bango ta yau da kullum, wadda ke ba da kilowat 2.3, sai ta haura awa 20 kafin ta cika. Shi ya sa masu motoci ke girka akwatin caji na musamman a jikin bango, mai ba da kilowat 7.4, wanda ke cika batir ɗin cikin awa bakwai zuwa takwas, wato dare ɗaya.

A Faransa kowane gida na da iyakar ƙarfin wutar da ya yi rajista da ita. Galibi kimanin kilowat 6 ne ko 9, kuma mafi girman abin da ake bai wa gida mai layi ɗaya shi ne 12. Akwati biyu masu kilowat 7.4 kuwa sun kama 14.8, tun ba a kunna murhun lantarki, na'urar ɗumama ɗaki ko injin wanki ba. Kontar Linky da kamfanin Enedis ya girka a gidajen ƙasar ba ta da sassauci: da an wuce iyaka sai ta katse wutar gidan baki ɗaya. Ke nan ko gidan da ya fi kowa babban rajista a layi ɗaya ba zai iya shayar da motoci biyu da cikakken ƙarfi a lokaci guda ba.

Hanyoyi uku da iyalai ke bi

Ta farko ita ce karɓa-karɓa: akwati ɗaya, mota guda yau, ɗayar gobe. Ba ta cin ko sisi, kuma lissafi na goyon bayanta. Motar lantarki na shan kilowat-awa 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Wanda ke yin kilomita 40 a rana yana ƙona kusan kilowat-awa 7, abin da akwatin bango ke mayarwa cikin awa ɗaya. Motoci biyu, awa biyu. Wahalar tana ga mutane: wa zai fita cikin sanyin dare ya sauya waya, kuma wa za a ɗora wa laifi ranar da aka manta.

Ta biyu ita ce a ƙara ƙarfin gidan, a koma layi uku, wanda a Faransa ke iya kai wa kimanin kilowat 36. Wannan na buƙatar aikin kamfanin wuta, sake tsarin wayoyin gida, da ƙarin kuɗin rajista kowane wata ko an sha wutar ko ba a sha ba. Akwai kuma tarko a ciki: ƙarfin rabuwa yake gida uku. Mai rajistar 12 a layi uku, 4 kawai gare shi a kowane layi, don haka motar da ke sha daga layi ɗaya za ta iya katse wuta duk da cewa sauran biyun na zaune ba aiki.

Ta uku, wadda ke ƙara samun karɓuwa, ita ce akwati mai lura da abin da gida ke sha. Yana karanta kontar a kowane lokaci. Da uwargida ta kunna murhu sai ya rage wa motoci. Da an kashe fitilu an kwanta sai ya ƙara masu. Ragowar ƙarfin yake rabawa tsakanin motocin biyu, ko ya fifita wadda za ta yi sammako. In kowace ta samu kilowat 3.7 tsawon awa takwas, ta tara kusan kilowat-awa 30, wanda ya isa tafiyar kilomita 150 ko fiye.

Yadda hukumomi suka shiga maganar

Abin da ya fi damun kamfanonin wuta shi ne unguwa. Taransifoman da aka girka shekaru talatin da suka wuce an auna shi ne bisa cewa maƙwabta ba za su kunna komai a lokaci guda ba. Motar lantarki ta karya wannan zato, domin kowa da yamma yake dawowa, kuma cajin na ɗaukar awoyi ba tsayawa.

Kowace ƙasa da dabarar da ta ɓullo da ita. Norway ta bi ta aljihu: daga watan Yulin 2022, wani ɓangare na kuɗin layin wuta ya dogara ne da awoyin da gida ya fi jan wuta da ƙarfi a cikin wata. Wanda ya jona motoci biyu tare da ƙarfe shida na yamma zai hau matakin kuɗi na sama. Wanda ya shimfiɗa cajin cikin dare zai zauna a na ƙasa, ko da yawan wutar da suka sha ɗaya ne.

Birtaniya ta bi ta doka. Daga 30 ga watan Yunin 2022, duk akwatin cajin gida da za a sayar sai ya zo a saite ta yadda zai kauce wa lokutan cunkoso, sannan ya yi jinkirin da bai wuce minti goma ba kafin ya fara, wanda ya bambanta daga gida zuwa gida, don kada dubban motoci su afka wa layi a daƙiƙa ɗaya.

Faransa ta haɗa biyun. Tun 2017 doka ta ce duk akwatin da ya wuce kilowat 3.7 sai ƙwararren ma'aikaci mai takardar shaida ne zai girka shi. Daga 2024 zuwa ƙarshen 2025, rangwamen harajin da aka yi wa masu girkawa, wanda ya kai Euro 500, kusan jika 328 na sefa, an taƙaita shi ga akwatunan da ake iya sarrafa lokacin aikinsu, kuma a lokacin an bai wa ma'aurata damar samun sa a kan akwati biyu. Sannan daga watan Nuwamban 2025 aka fara maido da wani ɓangare na awoyi takwas na wuta mai rahusa daga dare zuwa tsakar rana, lokacin da wutar hasken rana ke yin yawa a layi.

Darasin duka ɗaya ne: ya fi arha a koya wa mota lokacin shan wuta da a tone tituna a sake wayoyi.

Me ya haɗa Nijar da wannan?

Mai ne ya haɗa ta. Nijar na da matatar SORAZ a jihar Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, kuma a watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar esans daga sefa 540 zuwa 499. Duk da haka a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran birane. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa ya daina araha, jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta fi ƙarfin matatar. Wanda ya kwana a layin mai ba ya buƙatar dogon bayani kan amfanin abin hawan da ake cikawa a gida.

Lissafin kuɗin ma na jan hankali. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 na cin kusan sefa 3,500. Ta lantarki mai shan kilowat-awa 17, in aka ƙaddara kowane ɗaya a kan sefa 100, sefa 1,700 ke nan.

Sai dai wutar fa? Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nigelec ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. A farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, aka katse layin, ba a maido da shi ba sai watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a 2023, madatsar Kandaji mai megawat 130 kuwa har yanzu aikinta bai kammala ba. Mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a ƙasar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fanka da kilim kaɗai sun isa su durƙusar da layi.

A nan dabarar Turai ta cajin dare ke cin karo da yanayin Sahel. Can dare lokacin hutun layi ne. A Nijar, a bazara, dare ne lokacin da kowane gida ke neman iska. Cajin mota da janareto kuwa komawa gidan jiya ne, tun da gazuwal ɗin da aka gudu shi za a ƙona.

Babura ne za su fara ƙwanƙwasa ƙofa

Gidan mai motocin lantarki biyu zai jima bai zama ruwan dare a Nijar ba. Gida mai babura uku ko huɗu kuwa yana kowace unguwa: na maigida, na ƴaƴansa samari, na ɗan haya mai kabu-kabu, wani lokacin har da adaidaita a ƙofar gida. Baburan lantarki sun riga sun bazu a Benin, Togo da Najeriya, inda kamfanoni irin su Spiro ke da wuraren musayar batir.

Batir ɗin babur ƙarami ne, galibi kilowat-awa 2 zuwa 4, kuma abin cajinsa bai cika wuce kilowat ɗaya ba. Amma biyar a lokaci guda sun kai kilowat 4 ko 5, na tsawon awoyi, a gidan da aka ja wa waya don ampul, fanka da firigo. Siririyar waya in ta daɗe tana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, musamman a mahaɗa da wuraren da aka yi ƙari a kan ƙari. Batir ɗin litiyom da aka bari yana caji a rana tsaka, ko da abin cajin da ba nasa ba, shi ma haɗari ne, kuma wutarsa na da wuyar kashewa. Ga kuma rigimar da duk gidan haya ya sani: kontar ɗaya, faktir ɗaya, wa ya sha nawa? In ana rabon kuɗin wuta bisa yawan ɗakuna, mai ampul biyu zai riƙa biya wa mai kabu-kabu kuɗin mai ba tare da ya sani ba.

Abin da Nijar ta fi Turai shi ne rana. Farantan hasken rana masu kilowat ɗaya na iya ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini, in ana share masu ƙura. Masu kilowat 3 sun isa mayar da abin da motoci biyu suka ƙona a zirga-zirgar cikin gari, ko su cika babura huɗu zuwa biyar. Matsalar ita ce da rana abin hawa ba ya gida. Batir mai cirewa ya warware wannan: ɗaya na kan hanya, ɗaya na caji a inuwa. Haka ma rumfunan caji a kasuwanni, tashoshi da ma'aikatu, inda ababen hawa ke yini a tsaye.

Abin da ya rage wa hukumomi

Habasha ta hana shigo da motocin gida masu amfani da mai a 2024, ta kuma ƙaddamar da babbar madatsarta mai megawat fiye da 5,000 a watan Satumban 2025, amma masu motoci a Addis Ababa na fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin wuraren caji. Samar da wuta daban, isar da ita ƙofar gida lafiya daban.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Akwai abubuwan da Nigelec da hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi za su iya tsarawa tun ababen hawan ba su yi yawa ba: farashi mai sauƙi da tsakar rana don janye caji daga lokacin cunkoso, ƙa'idar cewa duk wurin caji ya samu wayarsa da makullin tsaronsa daban, ƙaramar kontar ga kowane mai caji a gidajen haya, horar da masu gyaran wuta, da binciken ingancin batura da abubuwan cajin da ake shigowa da su. Ya kamata kuma kamfanin ya riƙa sanin unguwar da ake girka manyan akwatuna, domin taransifoman da ya ƙone ba ya tambayar wa ke da mota: duk layin ne ke kwana cikin duhu, har da mai sayar da ƙanƙara da telan da ke bakin titi.