Faifai Da Ludayi Ma Sun Cancanci Hoto

Masu zanen bakin titi a nan Sabon Tasha, inda nake zaune, abin da aka fi ba su aikinsa shi ne fuskar attajiri ko ɗan siyasa. Da wuya ka ga wanda ya zana faifai ko ludayi ko tulun ƙasa, alhali su ne kayan da roba ke kora daga gidajenmu a kan idonmu.

Japanawa sun yi wa kayan gidansu gatan da muka hana namu. A farkon ƙarni na 19, ƙungiyoyin marubuta waƙa a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, kan sa a buga musu ƙananan hotuna masu suna surimono, su raba wa juna a sabuwar shekara. Sau da yawa abin da ke jiki bai wuce mafici ko kayan shayi ko akwatin rubutu ba. Hokusai, wanda ya rasu a 1849, ya zana irinsu da dama, almajirinsa Shinsai kuwa da su ya yi suna.

Aikin na mutum uku ne. Mai zane ya zana a takarda, masassaƙi ya fitar da zanen a juye a jikin katako, kowane launi da nasa allon, sannan mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda ya murza da hannu. Tunda kwafe da yawa ake fitarwa, in wasu sun lalace wasu za su tsira. Shi ya sa bayan shekara 200 ake sanin kamannin kayan da mutanen Edo suka yi amfani da su.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a jiharmu. Bruce Onobrakpeya, gwanin buga zane a Nijeriya, a Zariya ya yi karatu, yana kuma cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masu sassaƙa hatimi ma sun saba yanka harafi a juye.

Hannu dai muna da shi, raina namu ne ya yi mana yawa. Ina kira ga ɗaliban zane na Zariya da Kaduna da su shiga kasuwannin ƙauye, su zana akushi da maburgi da masaki tun ana samunsu. In muka yi sake, jikokinmu a karin magana kaɗai za su ji sunan faifai.