MUSHE MA YANA DA IYALI: A BIYA MALAMAN MAKARANTU MASU ZAMAN KANSU HAKKINSU!

Ƴan uwa iyayen yara, ku da kuka sayar da akuya da buhun hatsi don ku kai ɗanku makarantar kuɗi a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, kun taɓa tambayar mushen da ke koya masa nawa yake karɓa a ƙarshen wata? Ku tambaye shi. In kunya ta bar shi, zai gaya muku.

Da yawansu babu takardar kwantaragi tsakaninsu da mai makaranta. Da baki aka ɗauke su, da baki kuma ake korarsu, wani lokaci a gaban ɗalibai. Wasu kuɗin awa ake biyansu: ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum, ranar babu ko dala. Malama ta haihu, ta dawo ta tarar an ba wani ajinta. Mai makaranta shi ne darakta, shi ne ma'aji, shi ne alƙali. Ɗan mai hali ya faɗi jarrabawa a ce wa malam ya gyara maki, in ya ƙi a nuna masa ƙofa.

Babban zaluncin yana cikin babban hutu. Kuɗin shekara cur aka karɓa hannun iyaye, amma daga Yuli zuwa Satumba malam ba ya ganin komai. Watannin da tiyar hatsi ke tashi, sauro ya addabi yara, mai gida yana ƙwanƙwasa ƙofa don kuɗin haya! Layyar 2020 ta faɗo ƙarshen Yuli. Malamai nawa suka yanka rago? Mutumin da ya shirya ɗanka har ya ci BEPC, shi ne za ka tarar yana kabu-kabu a bakin tasha. Sana'a ba abin kunya ba ce, kunyar tana kan masu mulki.

Ba doka aka rasa ba. Dokar ƙwadago ta 2012 tana nan, kuma duk mai ɗaukar ma'aikaci wajibi ne ya yi masa rajista a CNSS don fanshonsa da kuɗin iyali. A 2020, albashi mafi ƙanƙanta jika 30 ne da ɗoriya, tun 2012 zuwa lokacin bai motsa ba, kuma ko shi ɗin akwai malaman da ba sa samu. Ina sufetocin aiki? Gwamnatin da ke ba da izinin buɗe makaranta ba ta san hanyar komawa ta duba littafin albashi ba? Da korona ta sa aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni, malaman nan sun kwana da yunwa, ƴan Guri ba su ko waiwaye su ba.

Mun sani akwai masu makarantu masu tsoron Allah da ke biya a kan kari. Ba da su muke ba. Su ma ana cutarsu, don mai danne hakkin malamai shi ke karya farashi.

Kuma me ya kori iyaye zuwa makarantun kuɗi? An yi mana alkawarin kashi 25 cikin 100 na kasafin kuɗi ga ilimi. Zuwa 2020, shekara goma ke nan, ƴaƴan talakawa na zaune a runfunan zana, ƴan kwantaragi na yajin aiki kan bashin albashi. Sai a ce babu kuɗi, alhali bincike a ma'aikatar tsaro ya tono miliyar 76 da suka salwanta.

In kuka ba mu amana, makarantar da ba ta nuna kwantaragi a rubuce da lambar CNSS ta kowane malami ba, ba za a sabunta izininta ba. Albashi na wata 12 ne, har da hutu. Malamin da ya kai ƙara wurin sufeton aiki, ba mai korarsa a kan haka.

Malam, kai ka koya wa jama'a lissafi. Ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020, ɗauki katinka, ka tafi da maƙwabcinka, ku jefa wa jam'iyyarmu ƙuri'a.