Mahaɗin Kuɗi: Inda Talla Ke Rikiɗewa Ya Zama Shaidar Zur

A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta buga wani rahoto na David Segal a kan J.C. Penney, ɗaya daga cikin tsofaffin manyan kantunan Amurka. Watanni da dama kafin nan, duk wanda ya nemi rigunan mata, zannuwan gado ko dardumar ɗaki a Google, wannan kantin ne ke fara fito masa. Da aka bi diddigi, sai aka tarar da dubban mahaɗai, waɗanda wasu ke kira likau, an dasa su a shafukan da ba su da wata alaƙa da tufafi, har da shafin da ke magana a kan injiniyancin nukiliya da wani mai tallan gidaje a Bulgeriya. Google ya ɗauki mataki, kantin ya faɗo daga matsayi na 1 zuwa na 68 a binciken kayan falo. Kamfanin ya ce bai san da aikin ba, ya kuma sallami kamfanin da ya ɗauka don kula masa da matsayinsa a injin bincike.

Hankalin jama'a ya fi karkata ga mai saye. Amma ciniki ba ya yiwuwa sai da mai sayarwa, kuma a wannan kasuwa mafi yawan masu sayarwa su ne masu ƙananan shafuka: jaridar gari, shafin girke-girke, shafin labarin wasanni. Su ne wasiƙar dillali ke isa gare su da tayi mai daɗin ji: a saka jimla ɗaya cikin wani tsohon rubutu, a liƙa mata mahaɗi zuwa wani kamfani, a karɓi daloli. Kafin mai shafi ya amsa, ya kamata ya san ainihin hajar da ake neman saye a wurinsa.

Amsar tana cikin yadda aka gina Google tun asali. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a Jami'ar Stanford suka ƙirƙiro ma'aunin PageRank, kafin su kafa kamfanin a 1998. Sun aro tunanin daga al'adar masana, inda darajar takardar bincike ke ƙaruwa gwargwadon yadda sauran masana ke ambaton ta. Haka suka ɗauki mahaɗi: idan shafi ya tura mai karatu zuwa wani shafi, tamkar ya ba da shaida ne cewa akwai abin amfani a can. Shaidar shafin da ya yi suna kuma ta fi ta sabon shiga nauyi. Daga ranar da mahaɗi ya zama shaida mai ɗaga matsayi, ya zama abin da ake iya yi wa farashi.

A nan ne bambancin talla da shaida ke da muhimmanci. Maroƙi a gidan biki yana wasa wanda ya ba shi kuɗi, babu kuma wanda aka yaudara, domin kowa a wurin ya san yabon na kuɗi ne. Mai ba da shaida a gaban alƙali kuwa, darajar maganarsa gaba ɗaya ta rataya ne a kan cewa ba a saye shi ba. Sayar da fili a shafi domin talla sana'a ce halastacciya, da ita jaridu suka rayu tun kafin a san intanet. Mahaɗin kuɗi na ɓoye ya sha bamban, domin yana karɓar ladan maroƙi alhali yana tsaye a matsayin mai shaida.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wanne ake nema. Tun a watan Janairun 2005 Google, tare da Yahoo da MSN, suka fito da wata alama mai suna nofollow da ake sanya wa mahaɗi, wadda ke shaida wa injin bincike cewa mai shafi bai tsaya wa inda mahaɗin ya nufa ba. A watan Satumban 2019 Google ya ƙara alamar sponsored musamman domin mahaɗan da aka biya kuɗinsu. Mahaɗi mai irin wannan alama yana aiki daram: mai karatu na ganin sa, yana latsa shi, yana isa wurin ɗan kasuwa. Abin da ya rasa kawai shi ne nauyin shaida. Saboda haka idan mai shafi ya ce zai sa alamar, ya kuma rubuta a fili cewa talla ne, sai dillali ya janye tayinsa, to magana ta fito sarari. Dillalin bai zo neman masu karatun shafin ba, ya zo ne sayen amincin da shafin ya tara.

Hatsarin da ke cikin wannan ciniki tarihi ya nuna shi. A watan Oktoban 2007 Google ya tabbatar da cewa sayar da mahaɗai na iya jawo wa shafi hukunci, kuma a wannan watan aka ga makin PageRank na manyan shafuka irin su Forbes da Washington Post ya sauka. A watan Afrilun 2012 ya fito da sabon tsarin tacewa mai suna Penguin, wanda ya durƙusar da ɗimbin shafukan da suka hau sama da mahaɗan bogi. A watan Fabrairun 2013 Interflora, kamfanin sayar da furanni a Birtaniya, ya ɓace daga sakamakon bincike, har wanda ya rubuta sunan kamfanin ba ya ganin shafinsa a sama, bayan ya biya jaridu da dama kuɗi sun buga rubuce-rubuce masu kama da labari ɗauke da mahaɗansa. Jaridun ma an rage musu maki.

Interflora ya dawo cikin ƙasa da mako biyu, J.C. Penney bayan kimanin wata uku. Manyan kamfanoni suna da ƙwararru da kuɗin share ɓarna, kuma injin bincike kansa yana jin kunyar a nemi sanannen kanti a rasa. Mai ƙaramin shafi ba shi da wannan gata. Ya karɓi kuɗi sau ɗaya, amma mahaɗin na nan a shafinsa shekara da shekaru, kuma ba shi da iko a kan abin da ke ɗaya gefen. Adireshin da ke sayar da takalma a yau yana iya komawa hannun gidan caca ko 'yan damfara gobe, sunan mai shafi kuwa na nan yana yi masa jagora. Mai saye ma ba lallai ya ci riba ba, domin tun a watan Disamban 2022 Google ya sanar da cewa tsarinsa na SpamBrain yana gano mahaɗan saye yana kashe tasirinsu.

Masu kare wannan ciniki suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa Google ba hukuma ba ne, ƙa'idojinsa ba dokar ƙasa ba ne, kuma shi kansa mafi yawan dukiyarsa daga sayar da guraben talla a saman sakamakon bincike ta fito. Me zai sa ya ci kasuwar shi kaɗai, ya hana mai shafin da ke fama da kuɗin data da na ma'aikata? Tun a 2002 wani kamfani a jihar Oklahoma mai suna SearchKing, wanda ke dillancin mahaɗai, ya kai Google ƙara bayan an rage masa maki. A 2003 kotu ta kori ƙarar, ta ce makin ra'ayi ne da kundin tsarin mulkin Amurka ya ba kariya. Ma'anar hukuncin ita ce wanda Google ya saukar ba shi da kotun da zai kai kuka. Mai dokar barci kuma ya taɓa ɓugewa da gyangyaɗi: a watan Janairun 2012 an gano wani kamfen na tallan Chrome ya haifar da mahaɗin kuɗi marar alama, har Google ya rage wa shafin Chrome matsayi na kwana 60.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ƙarfin da kamfani ɗaya ke da shi a kan abin da duniya ke gani ya cancanci a yi ta tuhumar sa. Sai dai hujjar ta kauce wa wanda aka fi cuta. Tallan da ke saman sakamakon Google, komai ƙanƙantar rubutun, yana ɗauke da alamar cewa talla ne. Mahaɗin ɓoye ba ya ɗauke da komai. Wanda ke biyan farashinsa shi ne mutumin da ya nemi bayanin wani magani ko wurin karɓar rance, aka kai shi ga wanda ya fi kashe kuɗi a wurin dillalai, yana zaton wanda ya fi inganci ne. Sai kuma ɗan kasuwar da ya gyara hajarsa, ya ƙi sayen shaida, aka tura shi shafi na biyar inda ba mai leƙawa. Da a ce Google zai rushe gobe, haƙƙin waɗannan mutane biyu zai ci gaba da zama a wuyan wanda ya sayar da shaidarsa.

Wannan bai rufe wa mai shafi ƙofar samu ba. Yana iya sayar da fili, ya rubuta kalmar talla inda ido zai gan ta, ya sa wa mahaɗin alamar da ta dace, ya kuma duba inda yake tura mutane kafin ya karɓi ko sisi. Kuɗin zai ragu, wasu dillalan ba za su sake rubutowa ba. Ma'aunin da zai riƙe guda ɗaya ne: duk cinikin da zai lalace idan aka sanar da mai karatu, tun farko a kan rashin sanin mai karatun aka ƙulla shi. Shafin da ya shekara goma yana faɗa wa mutane gaskiya har suka yarda da shi, wannan yardar ita ce jarinsa, kuma ita ce dillali ya zo saye da farashin jimla ɗaya.