Wanda Ya Sake Tuƙi A Buge, A Karɓe Lasinsa

Jama'a, ku da kuke kwana a bayan lori bisa buhunan albasa da wake tsakanin Kano da Legas, ku za ku fi kowa gane wannan magana. Ran da direba ya sha ya bugu ba a yi shawara da ku ba, amma ku ne a cikin motar.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Dokarta ta 2007 ta yanka wa wanda aka kama yana tuƙi cikin maye, na giya ko na ƙwaya, tarar naira 5,000, ana kuma rubuta masa maki 5 na laifi. To, don Allah, me naira 5,000 za ta yi wa mai mota? Ko man da zai kai shi Zariya daga Kano ba za ta saya ba. Babban mutum sai ya zaro ya miƙa, ya ja motarsa, gobe ya sake.

Makin nan kuwa, bisa tsarin hukumar, sai ya kai 15 ake dakatar da lasin, sai ya kai 21 ake karɓe shi. Watau in wannan kaɗai ne laifin mutum, sai an kama shi sau uku a buge kafin a taɓa lasinsa. Wa ya tabbatar wa mahukunta zai kai na ukun bai kashe kowa ba? Har wa yau, maki ba ya taruwa sai an rubuta. Mu da aikinmu riƙon rajista ne mun sani, abin da bai shiga littafi ba kamar ba a yi shi ba ne. In aka sasanta a bakin hanya, hannu da hannu, wanda aka kama sau goma kullum sabon mai laifi ne.

Ku dubi Ingila. A 1967 Ministar Sufuri, Barbara Castle, wadda ita kanta ba ta tuƙi, ta kawo dokar hura na'urar gwajin numfashi, aka sa iyaka: miligiram 80 na barasa cikin mililita 100 na jini. Masu gidajen giya suka yi ta zaginta, ba ta janye ba. Can wanda kotu ta samu da laifin nan ana hana shi tuƙi aƙalla wata 12. In ya sake cikin shekara 10, hanin ya zama aƙalla shekara 3, kuma ba a mayar masa da lasin sai likita ya duba shi, ya gwada jininsa. Kuɗi ba su fansar lasin, ko ɗan wa ne.

Mun san abin da 'yan'uwanmu direbobi za su ce: lasin shi ne gonarsu, in aka karɓe me iyali za su ci? Gaskiya ne, ba mu raina maganar ba. Amma mai tallan da aka take a bakin tasha ita ma tana da masu jiran ta kawo cefane. Kuskuren farko a yi hukunci da sassauci. Wanda ya koma bayan an gargaɗe shi, shi ya sayar da gonarsa da kansa.

Sai dai kada a tsaya kan direba kaɗai. A nan Arewa abin da ya fi yawa a tasha ba kwalba ba ne, ƙwaya ce irin su tiramol, wadda ake haɗiya don a jure gajiya, na'urar numfashi kuwa ba ta ganin ta. Wa ya matsa wa direba ya sauke kaya da magariba ya juyo a daren? Mai motar da ke jiran balas yana kwance a gidansa.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Majalisa su sa a doka cewa kamu na biyu ya isa a karɓe lasin shekara 3, a riƙa gwajin ƙwaya kamar yadda ake na giya, mai motar da ya ba wanda aka hana tuƙi makulli shi ma ya gurfana gaban alƙali. A tare motar mai rawani da ta ɗan majalisa a shingen da ake tare lori.

Ku kuma 'yan kasuwa, kafin ku biya kuɗin lodi ku dubi idon direba. In kun ga ya yi ja, bakinsa yana harɗewa, ku je wurin shugaban tasha ku ce a sauke muku kayanku.