Kifin Murjani Ba Tarwaɗa Ba Ne

Bayan an gama yankan riɗi a bara, wani ɗan ƙanwata da ya yi shekaru yana aiki a Jidda ya dawo gida Fashaga da wata sha'awa da ba mu saba da ita ba. A can ya ga irin akwatunan gilashin nan da ake cikawa da ruwan gishiri, a jera duwatsun murjani a ciki, a saki ƙananan kifayen teku masu launi kamar an tsoma su a marina. Ya ce shi ma sai ya kafa nasa. Ya sa aka yanka masa gilashi a Gadarif, ya aika Bur Sudan aka kamo masa kifi biyar, aka ɗoro su a mota tare da jarkokin ruwan teku, tafiyar fiye da kilomita 700. Biyu sun mutu kafin a wuce Kasala. Ukun da suka iso sun yi kwana tara ana tururuwar kallonsu, yara har faɗa suke yi a bakin taga. A dare na goma wuta ta ɗauke. Da hantsi ya tarar da su kwance a ƙasan akwatin, launinsu ya koɗe.

Makon jiya ya zo ya same ni a zaure, ya ce, "Kawu, na gano kuskurena. Wannan karon da sola zan haɗa, kuma babba zan yi." Abin da na gaya masa shi nake so in shimfiɗa a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. Hotunan waɗannan akwatuna suna yawo a Facebook da TikTok, kuma duk matashin da ya samu ɗan abin hannu yana iya jin ransa ya biya. Ra'ayina shi ne, a wuri irin namu kuma a lokaci irin wannan, ajiye kifin murjani a gida ɗaukar amana ce da mai ɗaukarta ba zai iya saukewa ba.

Kuskuren ya samo asali ne daga irin kifin da Bahaushe ya sani. Mu mutanen kogi ne da fadama. Ko a ƙasar Hausa ko a nan gaɓar Atbara da Sitit, inda su yake cikin sana'o'in da aka san Hausawan Sudan da su, kifinmu shi ne tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take yin awanni a cikin daro babu ruwan kirki, tana motsi. Gaiwa kuwa idan fadama ta ƙafe sai ta shige laka ta naɗe, ta yi watanni tana cin jikinta har damina ta dawo. Ruwan da suke ciki yau ja ne da laka, gobe ya kwanta, jibi ya janye. Sun saba da sauyi, suna kuma yafe sakaci. Wanda ya tashi da wannan sanin zai ɗauka kifi duk kifi ne, muddin akwai ruwa da abinci. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne.

Kifin murjani ya fito daga wata duniya dabam. Ruwan da ke kewaye da tsaunukan murjani yana daga cikin ruwaye mafi daidaito a doron ƙasa. Gishirinsa ba ya hawa da sauka tsakanin safe da yamma, ɗuminsa yana sauyawa ne sannu a hankali bisa yanayin shekara, igiyar ruwa kuma ba ta daina kaɗa shi tana zuba masa iska. Halittar da ta rayu a haka ba ta da juriyar canji, domin ba ta taɓa bukatarta ba. Duk aikin mai akwati shi ne ya kwaikwayi wannan daidaito da injuna, dare da rana, ba hutu.

Bari mu duba abin da hakan yake nufi a aikace. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, na Bahar Maliya ma ya kai wajen 40. Gishirin miya ba ya yi, sai wani haɗi na musamman da ake shigowa da shi daga waje, mai ɗauke da ma'adinan da murjani yake gina jikinsa da su. Akwati mai cin lita 200 yana bukatar kilo 7 na wannan haɗi a cikon farko kaɗai. Ruwan da za a dama shi ma ba na rijiya ba ne ba na kogi ba, sai wanda aka tace da na'ura ta musamman, wadda takan zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai tsabta. Kullum zafi yana busar da ruwan akwatin ya bar gishirin, don haka kullum sai an ƙara tataccen ruwa, in ba haka ba gishiri ya yi yawa. Kowane mako ko biyu kuma a kwashe kimanin kashi 10 cikin 100 a zuba sabo.

Sannan akwai abin da ido ba ya gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da suke zaune a jikin duwatsu da yashi su ne suke juya ta zuwa abin da ba shi da haɗari sosai, kuma kafin su yawaita a sabon akwati sai an yi mako huɗu zuwa shida ana jira ba tare da an saka kifi ba. Ɗan ƙanwata ya cika akwatinsa ranar Talata, ya saki kifi ranar Laraba. Ko da wuta ba ta ɗauke ba, da wuya su kai ƙarshen wata.

Babbar matsala ita ce zafi. Ana riƙe irin wannan ruwa ne tsakanin digiri 24 da 27. Mai karatu da ya san bazarar Gadarif ya san a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Ke nan sai an haɗa na'urar sanyaya ruwa, mai shan wuta kamar firji, ban da famfunan kaɗa ruwa da fitilu masu ƙarfi. Fitilun ba na ado ba ne. Murjani dabba ce, ko da yake mu mun san shi ne a matsayin jan dutsen da ake rataya wa amarya, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum. Irin wanda yake gina tsaunuka a teku yana da wata 'yar gansakuka da take zaune a cikin tsokarsa, tana sarrafa haske tana ciyar da shi. Idan ruwa ya ɗara ɗumin da ya saba da digiri ɗaya ko biyu na wasu makonni, sai ya kore ta, ya yi fari fat, ya mutu da yunwa. Ga shi kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. Idan famfo ya tsaya a daren zafi, awanni kaɗan sun isa.

To ina wutar? Kahraba, kamar yadda muke ce mata a nan, ko a zaman lafiya ba ta da alkawari, duk da madatsun Rumaila da Burdana da aka gina a kan Atbara da Sitit a ƙofar gidanmu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 abin ya ƙara lalacewa. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari tashar wuta ta Shuwak, Gadarif da Kasala suka shiga duhu. Ita kanta Fashaga ƙasa ce ta kan iyaka, wadda ake taƙaddama da Habasha a kanta tun yarjejeniyar 1902, kuma mun ga yadda abubuwa suka sauya a ƙarshen 2020. Wanda zai iya wayar gari ya tattara iyalinsa ya bar gida yana iya kora akuyarsa, yana iya buɗe wa tattabarunsa akurki su nemi na kansu. Kifin teku a akwati fa? Babu inda za a kai shi, babu inda za a sake shi.

Za a ce da ni sola ta magance wannan. Sola tana taimakawa, ban musa ba. Amma batir yana mutuwa, famfo yana ƙonewa, gishirin haɗi yana ƙarewa, kuma ba a sayar da ko ɗaya daga cikin kayan gyaran a kasuwar Shuwak. Ranar da abu ɗaya ya tsaya, kifin ba zai jira saƙo daga Jidda ba. Akwai kuma tambayar da ba ta injin ba ce. Gadarif gari ne da aka san shi da ƙishirwa, inda gidaje da yawa suke sayen ruwa daga amalanken jaki. Zubar da lita uku domin a samu ɗaya a ba kifin ado, alhali maƙwabci yana auna na alwala, abu ne da ya kamata mutum ya tsaya ya yi wa kansa hisabi a kai.

Za a kuma ce kuɗinsa ne, kuma Bahaushe ya daɗe yana kiwon sha'awa. Gaskiya ne. Muna da masu tattabaru, da masu kanari, da masu dawakin da ba sa noma ba sa dako, sai dai a yi musu kwalliya ranar hawa. Ban ga laifin son abu mai kyau ba. Amma a al'adarmu kiwon sha'awa yana tafe da sharaɗi. Mai doki da ya bar shi da ƙishirwa ya zubar da girmansa a gari, kuma kowa ya san alhakin dabba ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kuɗi yana sayen dabba, amma ba ya sauke haƙƙinta. Idan ka san tun farko ba ka da halin riƙe ranta, sayenta ba kiwo ba ne, jinkirta mutuwarta ce kawai domin ka sha kallo.

Asarar kuma ba a ɗaki take farawa ba. Yawancin nau'o'in kifin teku da ake sayarwa domin ado daga teku ake kamo su, kaɗan ne ake iya hayayyafawa a gona. A Filifin da Indunusiya an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanayid cikin ramukan murjani domin kifi ya suma a ɗauke shi. Masuntanmu sun san irin wannan ɓarna, domin sun ga abin da magimfa da gamalin suke yi wa gurbi, kuma sarakunan ruwa na kirki sun hana. Gubar tana kashe murjanin, kifin da aka kama da ita kuma sau da yawa yakan mutu bayan kwanaki a hannun wanda ya saya. Wani ƙaramin kifi na tsibiran Banggai a Indunusiya ya shiga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2007, saboda yawan kamun da aka yi masa domin akwatuna. Wasu kifayen ma, kamar nau'o'in da ba sa cin komai sai tsokar murjani mai rai, kusan duk wanda aka kama hukuncin kisa aka yanke masa, komai ƙwarewar mai kiwo.

Adalci ne in faɗi cewa wannan sana'a ta haifar da alheri a inda aka yi ta bisa ƙa'ida. Masu akwatuna sun taimaka wajen gano yadda ake yankan reshen murjani a dasa shi ya tsiro, dabarar da yanzu ake gyara lalatattun tsaunukan teku da ita. Kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda yara suka sani daga fim ɗin Nemo na 2003, yau ana hayayyafa shi a gonaki ba sai an taɓa teku ba. Saboda haka wanda yake zaune inda wuta ta tsaya da ƙafarta, yana da kayan ko-ta-kwana, ya yi haƙurin makonnin jira, ya sayi kifin gona, ba ni da ta cewa a kansa. Iya ruwa fidda kai. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko sha'awar a bar sharuɗɗanta a Jidda.

Abin mamaki shi ne, mu da muke marmarin ɗan yanki a akwati, ainihin abin a ƙasarmu yake. Tsaunukan murjanin Sudan suna daga cikin mafi kyau a duniya. A Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya gina gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna a ciki wata guda. An mayar da Sanganib gandun teku na ƙasa a 1990, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta saka shi tare da Dungunab cikin wuraren tarihi na duniya. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa, alhazai da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu ta Sawakin suka shiga jiragen ruwa, suka ratsa ta kan wannan murjani zuwa Jidda. A wannan shekarar ta 2016 UNESCO ta karrama bikin kamun kifi na Argungu, wanda ginshiƙinsa shi ne hana su a Matan Fada har sai lokaci ya yi. Ashe barin kifi a ruwansa ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Na ce wa ɗan ƙanwata, idan kallon kifi yake so, ya wanke akwatinsa ya zuba ruwan kogi da ya kwanta, ya saka 'yan ƙurungu da ƙananan karfasa. Za su jure zafinmu, su jure ɗaukewar wuta, kuma idan tafiya ta kama shi ya mayar da su inda ya ɗebo su. Idan kuɗin riɗi ne yake nema wa mazauni, ya haƙa kududdufin tarwaɗa, ya ci ya sayar. Kuɗin solar da ya tanada ya haska ɗakin mahaifiyarsa. Ranar da hanya ta yi lafiya kuma, ya kwashi yaran nan da suka yi faɗa a bakin tagarsa ya kai su bakin Bahar Maliya, su leƙa ruwa su ga kifin yana yawo a gidansa, da launinsa cikakke.

Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi tunani. Akwatin dai har yanzu yana nan a kusurwar ɗakinsa babu ruwa, da farin gishiri a bushe a jikin gilashin. Allah ya sa mu gane haƙƙin abin da ke hannunmu, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.